Wasan Magangara Da Abin Da Yara Ke Koya A Cikinsa

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in ba ku labarin wani wasa wanda na raina da fari, amma daga baya na ga ya koya wa yara cikin kwana kaɗan abin da na yi mako uku ina rubuta musu a allo ba su gane ba. A ƙasashen Turai da Amurka akan sayar wa yara waɗansu 'yan katakai ko robobi masu kwarmi a tsakiya. Yaro ya harhaɗa su, ya yi doguwar hanya mai gangare da kwane-kwane, sa'an nan ya ɗora ɗan ƙwallon gilas a kanta ya saki, ya zuba ido ya ga ko zai kai ƙasa lafiya, ko zai tsaya a tsakiya, ko kuwa ya yi tsalle ya bar hanya. Na sa masa suna wasan magangara, don duk aikinsa gangara ne. Mu kam ba mu da bukatar mu saya, gama kayan yinsa suna nan zube a bayan kowane gida da zarar kaka ta yi.

Ga yadda aka yi na faɗa cikinsa. An tura ni gwajin koyarwa Gehuru ta ƙasar Jega, aka ba ni ajin manyan yara, aka ce in koya musu darasin ƙarfi da motsi. Na shirya darasina tsaf, na rubuta musu a allo cewa ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, suka kwafe, suka haddace. In na tambaya, "Me ke sa abu ya faɗo?" sai ajin duka ya ɗauka baki ɗaya, har nakan ji daɗi a raina in ce na iya aiki. Ran nan sai na juya tambayar, na ce, "In na saki dutse da ƙodago tare daga kan wannan tebur, wanne zai riga taɓa ƙasa?" Sai aji ya yi tsit. Can wani yaro ya ce dutse, don ya fi nauyi, saura suka bi shi. Ashe abin da ke allo a bakinsu kawai ya ke, abin da ke zuciyarsu kuwa daban. Laifin nawa ne, ba nasu ba. Mu da muka fara da makarantar allo mun san darajar hadda, mun kuwa san akwai karatun da ba ya tsaruwa sai da ita, don kada harafi ɗaya ya sauya. Amma faɗuwar dutse abu ne wanda ke faruwa gaban idon kowa kullum, wanda ya yi shakka kuwa yana iya ɗaukar dutse ya gwada.

Kashegari na ce kowa ya zo da abin da ya samu, karan dawa miƙaƙƙe, da ƙayar aduwa, da igiyar rama, da laka. Yaran ƙauye ba a koya musu aikin kara; wanda ya iya ƙera motar kara da ƙafafunta huɗu ba zai kasa yin kwarmi ba. Waɗansu suka jera kara biyu kusa da kusa suka ɗaure, ƙwallo ya riƙa bin tsakaninsu. Waɗansu suka tsaga kara mai kauri, suka ƙwaƙule totuwarsa, ya zama kamar ɗan indararo. Wani ya kawo guntun tsohon tiyo na injin ban ruwa, muka tsaga shi bisa tsawonsa, shi ya fi duka amfani wajen kwana don yana lanƙwasuwa. Wajen ƙwallo, mun gwada ƙodago, amma bai mulmulu sosai ba, sai ya riƙa tangaɗi. Dunƙulen yumɓu irin wanda yara ke shanyawa don harbin tsuntsu da danƙo ya fi shi. Wanda ya fi duka kuwa shi ne ƙwallon ƙarfe na cikin ƙafar keke da na mota, wanda masu gyara ke zubarwa in ya tsufa. Na roƙo waɗansu a Jega ran kasuwa, manya da ƙanana.

Na raba yaran ƙungiya-ƙungiya, na ce abu ɗaya na ke so, ƙwallo ya taso daga kan taga ya isa bakin ƙofa ba tare da hannun kowa ya taɓa shi ba. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, ko da ya ke bakina yana ƙaiƙayi. Darasin fari da suka koya na gini ne, don hanyoyin da suka fara kafawa duk sun rushe tun ba a saki ƙwallo ba. Kara ɗaya da aka kafa a dunƙulen laka ba ya ɗaukar kaya. Da suka haɗa uku suka ɗaure kawunansu, suka buɗa ƙafafunsu, sai ya tsaya kamar tukunya bisa duwatsun murhu. Waɗansu suka kafa dirka huɗu kamar rumfa, amma da an taɓa sai duka ta karkace gefe guda. Suna cikin gardama sai wani yaro ya ɗauki kara ya gitta shi daga gindin wannan dirka zuwa kan waccan, ya ɗaure, nan take rumfar ta daina rawa. Na tambaye shi wa ya koya masa, ya ce haka ya ga kafinta ya yi wa ƙyauren gidansu. To, wannan da ya yi shi ne babban asirin masu gina gada. Abu mai kusurwa huɗu yana iya karkacewa alhali ba sandarsa ko ɗaya da ta karye, amma mai kusurwa uku ba ya sauya kama sai an karya shi. In ka ɗaga kai ka dubi dogayen turakun ƙarfe masu ɗauke da wayar lantarki, za ka ga tun daga ƙasa har bisa kusurwa uku-uku aka jera.

Haka kuma suka gane kara in ya yi tsawo ba tokari a tsakiyarsa sai ya lotsa, ƙwallo ya zo nan ya kwanta. Wajen haɗa kara da kara kuma, dole bakin na sama ya hau kan na ƙasa, in aka juya sai ƙwallo ya yi karo ya tsaya. Wata yarinya ce ta fara lura da wannan, ta ce ai haka ake baibayar ɗaki, ciyawar sama bisa ta ƙasa, don ruwa ya wuce. Ban sami abin da zan ƙara a kan maganarta ba.

Da hanya ta tsaya da ƙafarta, sai aka shiga maganar gudu. Kowace ƙungiya tana so ƙwallonta ya fi na kowa sauri, kowa kuwa ya ɗauka tsawon hanya ke ba da gudu. Muka gwada. Muka kafa hanya biyu a kan tebur, ɗaya gajera mai tsananin gangare, ɗaya doguwa mai sauƙin gangare, amma kawunansu duka bisa tubali ɗaya su ke, ƙarshensu kuma ya kwanta ya miƙe zuwa bakin tebur. Muka baza rairayi a ƙasa, don duk inda ƙwallo ya dira ya bar shaida, wanda ya fi gudu kuwa shi zai fi dira nesa. Ƙwallon gajerar hanya ya riga isowa, amma da muka duba rairayi sai muka ga kusan wuri ɗaya suka dira. Watau gudun da ƙwallo ke fita da shi daga tsayin wurin da ya taso ya ke samunsa, tsawon hanya ba ya ƙara masa kome. Sai suka ce to, a ƙara tubali ɗaya, nisan zai ninka. Aka ƙara, nisan ya ƙaru, amma bai ninka ba. Sai da aka jera tubali 4 sa'an nan ya dira wajen ninkin nisan fari. Wannan lissafi haka ya ke ko'ina a duniya. Mai son gudu ya ninka sau 2 sai ya ninka tsayi sau 4, mai son sau 3 kuwa sai sau 9.

Sa'an nan muka lanƙwasa tiyon nan kamar cikin ƙwarya, bakinsa biyu suna sama. In an saki ƙwallo daga baki ɗaya, sai ya gangara ya haura ɗaya gefen, ya kusa kai daidai tsayin da ya taso, amma ba ya kaiwa, balle ya wuce. Ya komo, ya sake komawa, kowane zuwa yana raguwa, har ya kwanta a tsakiya. Yara suka yi iyakar dabararsu don su sa shi ya wuce, suka goge tiyo da tsumma, suka sake ƙwallo, ba su iya ba, ba kuwa wanda zai iya. Dalili kuwa, sa'ad da ka ɗaga ƙwallo ka ɗora shi a bisa, ƙarfin hannunka ne ka ba shi ajiya. In ya gangara sai ajiyar ta zama gudu, in ya haura sai gudun ya koma ajiya. Ba ya iya biyan abin da ya fi wanda aka ba shi, kuma a kowace tafiya gugar da ya ke yi da hanya da iska tana cire nata, kamar yadda dillali ke cire la'ada. Abin da guga ta cire kuwa ba ɓacewa ya ke yi ba, zafi ya ke zama. Murza tafin hannunka biyu ka ji. Da wannan ƙa'ida madatsar ruwan Kainji ke aiki, wadda aka gama ginawa a 1968, ruwanta ya taru har ƙasar Yawuri ta jiharmu. An tare kogin Kwara ne don ruwa ya yi tsayi, sa'an nan a sake shi ya gangara da ƙarfi ya juya injunan da ke ba da lantarki.

Yanzu bari in faɗi inda na ji kunya, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa. Na komo kan tambayata ta fari, ta mai nauyi da marar nauyi, ina taƙama na san abin da littafi ya ce. Aristo, babban masanin Yunanawa wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar da cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa. Yawancin masana suka bi maganarsa kusan shekara 2,000, har Galileo na ƙasar Italiya ya nuna in ba don iska ba, da mai nauyi da marar nauyi duk tare su ke faɗuwa. A 1971 ma wani Ba'amurke, David Scott, ya tsaya bisa wata inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu, suka dira tare. Da wannan ƙarfin gwiwa na tsaya gaban aji, na ɗauki babban ƙwallon ƙarfe da ƙarami, na ɗora su bisa hanya biyu iri ɗaya, kowace ta kara biyu, na ce, "Ku duba, tare za su isa." Na saki. Babban ya riga ƙaramin, kowa ya gani. Na sake gwadawa, haka dai. Yaron nan mai cewa dutse ya fi sauri ya dube ni ya ce, "Malam, ai na faɗa maka." Aji ya fashe da dariya.

A nan malami yana iya daka tsawa ya ce littafi ya fi su sani, a rubuta abin da ya faɗa. In ya yi haka, ya koya musu cewa ilmin kimiyya shi ne mutum ya ƙaryata idonsa don girman wani, ya kuwa rushe duk abin da aka gina a makon. Na haɗiye kunyata na ce ni ma abin ya ɗaure mini kai, gobe a bincika. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da safe muka karkata benci mai santsi, muka tare ƙwallayen nan biyu da rula, muka ɗage ta don su tashi tare, sai ga shi sun isa tare, ƙararsu ɗaya. Ashe sirrin yana wajen kara. Muka durƙusa muka duba da kyau. Babban ƙwallo yana tafiya bisa karan nan biyu kusan da cikinsa, ƙaramin kuwa ya nutse tsakaninsu, da kwiɓinsa ya ke taɓa su. Wanda ke birgima da kwiɓi, kowane juyi ɗaya 'yar tafiya kaɗan ya ke ci, saboda haka sai ya yi ta juyawa da sauri kafin ya ci gaba, ajiyarsa mai yawa ta ƙare a juyi. Zaman da kowa ya yi a kan hanya shi ya raba su, nauyi ba ruwansa. Na tabbata da gwajin fari ya yi daidai da abin da na ce, da ba mu kai ga gane wannan ba, ni da su duka.

Shi Galileon nan, in ka bincika, da irin wannan magangara ya gano abin da ya gano. An haife shi a Pisa a 1564, ya koyar da lissafi a Padua, ya rasu a 1642. Abu mai faɗuwa ya fi ƙarfin ido, a zamaninsa kuwa babu agogon da ke auna ƙanƙanen lokaci, sai ya yi dabara ya rage wa faɗuwa sauri. Cikin littafinsa da aka buga a Leiden ta ƙasar Holan a 1638, ya bayyana yadda aka samo katako mai tsawon wajen kamu 12 na awon ƙasarsu, aka fafe kwarmi a jikinsa, aka shimfiɗa masa fata mai santsi, aka ɗaga kansa ɗaya kamu 1 ko 2, aka riƙa sakin ƙwallon tagulla a ciki. Agogon kuwa babban mazubin ruwa ne a bisa, da 'yar siririyar kafa a gindinsa. Muddin ƙwallo yana tafiya ruwa yana zuba cikin kofi, in ya isa a tsai da ruwan, a auna nauyinsa a ma'auni. Bayan maimaitawa da yawa ƙwarai, ya sami cewa in lokaci ya ninka sau 2, tafiyar ta ninka sau 4, in sau 3, sau 9, in sau 4, sau 16.

Mu ma muka yi namu agogon. Muka huda tsohuwar garwa da ƙusa kusa da gindinta, muka cika ta da ruwa, yaro ɗaya ya toshe hudar da yatsa. Dole a riƙa cika garwar bayan kowane gwaji, don in ruwa ya yi ƙasa zubarsa takan rage ƙarfi. Muka kafa doguwar hanya miƙaƙƙiya mai sauƙin gangare ƙwarai, muka raba ta kashi 4 daidai. Kafin a saki na ce kowa ya rubuta zatonsa: in ƙwallo ya ci kashi 1 ruwa ya cika murfin kwalba 5, murfi nawa zai cika in ya ci kashi 4 duka? Kusan kowa ya rubuta 20. Da aka gwada sai ya zo wajen 10. Ba kullum 10 cif ba, wani gwajin ya haura kaɗan, wani ya gaza, don yatsan mai toshewa ba ya tashi daidai da hannun mai saki. Su da kansu suka ce a yi sau da yawa a ɗauki matsakaici, alhali da can in na ce a yi lissafin matsakaici sai su yi ta hamma. Agogon wayar hannu ya fi garwa daidai, na sani, amma ni na fi son garwa, don yaro yana ganin lokaci da idonsa yana taruwa a kofi.

Kada kuma wani ya ce haɗa ruwa da ƙwallo hikimar Turawa ce kaɗai. Isma'ila al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Amid, garin da ake kira Diyarbakir a ƙasar Turkiyya yau, ya gama littafinsa na na'urori a 1206. Cikinsa akwai agogo mai siffar giwa. A cikin giwar akwai ruwa da tasa mai 'yar huda, wadda ke nutsewa sannu a hankali. In rabin sa'a ya cika tasar ta nutse, sai ta ja igiya, ƙwallo ya kuɓuce daga bisa, ya fito ta bakin shaho ya faɗa bakin maciji, nauyinsa ya sunkuyar da macijin ya zuba shi cikin tulu, a ji ƙara. Da na ba yara wannan labari, kashegari sai ga wata ƙungiya ta rataya murfin kwano a ƙarshen hanyarta don ƙwallo ya buga.

Cikin aikin duka, kwana ta fi ba su wahala. Duk sa'ad da ƙwallo ya zo kwana da gudu sai ya haure ya fice, kullum kuwa ta gefen waje, bai taɓa fita ta ciki ba. Isaac Newton na Ingila ya rubuta dalilin a 1687: abin da ke tafiya miƙewa ya ke yi, ba ya juyawa sai wani abu ya tura shi gefe. Ba wanda ya jefar da ƙwallon waje, hanya ce ta juya ta bar shi. Yara suka samo magani da kansu, waɗansu suka rage gudu kafin kwana, waɗansu suka buɗa kwanar ta yi faɗi, waɗansu suka ɗaga gefen waje ya fi na ciki tsayi. Duka ukun su ne injiniyoyin hanya ke yi. Na ce duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega ta nufi Koko da Yawuri, ya lura da yadda buhunan albasa da aka jibga wa mota ke rinjaya waje in direba ya shiga kwana da gudu. Yawancin yaran nan za su hau babur nan gaba kaɗan, ina so su tuna da ƙwallonsu ran nan.

Ba kowa ya ji daɗin abin ba. Wani dattijo, mahaifin ɗaya daga cikin yaran, ya zo ya same mu tsugune cikin kara da laka. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Malam, na aiko yaro ya yi karatu. In wasan kara ne, ai akwai shi gida." Maganarsa tana da hujja, gama lokacin makaranta kaɗan ne, jarrabawa kuwa ba ta tambayar wanda ya fi iya ɗaure kara. Na ce, "Baba, ku da ke noman albasa, yaya ku ke yi ruwa ya kai fangalin ƙarshe?" Sai ya gyara tsayuwa. Ya ce ruwa ba shi hawan tudu sai an ɗaga shi, da can da jigo, yanzu da inji. In hanyar ruwa ta cika gangare sai ya ci ƙasa ya fasa kunya, in kuwa ta kwanta sarai sai ya tsaya ya nutse tun bai kai ba, wajen kwana kuma dole a ƙara wa gefen waje ƙasa. Na sa yara suka faɗa masa abin da suka gano game da ƙwallo. Ya saurara, bai ce na yi daidai ba, amma kafin ya tafi ya duƙa ya gyara wa ɗansa gangaren hanyarsa da yatsa biyu, ƙwallon kuwa ya wuce.

Abin da manoman albasa na Aliero da masu lambu na bakin gulbin Zamfara suka sani da hannu, shi ne littafi ya rubuta da alƙaluma. Abin da makaranta ke ƙarawa shi ne awo da rubutu, gama manomi ya san gonarsa, amma mai awo yana iya faɗin abin da zai faru a gonar da bai taɓa takawa ba. Tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, nan kusa da mu. Yaron Gehuru ko na Maiyama da zai shige ta ya karanta aikin injiniya, gara ya isa can ya riga ya saba da ganin aikinsa ya rushe, ya tambayi kansa don me, ya gyara.

Amma in gargaɗe ku, wasan shi kaɗai ba ya koyar da kome. Yaro yana iya wuni yana gara ƙwallo, ya tashi ba abin da ya ƙaru da shi sai nishaɗi. Abin da ke mai da shi ilmi shi ne a sa yaro ya rubuta zatonsa tun kafin a saki ƙwallo, sa'an nan ya rubuta abin da ya faru a gefensa, ko da ya saɓa. Kuma kada a bari ya sauya abu biyu a gwaji ɗaya. In ya ƙara tubali kuma ya sake ƙwallo, gudu ya ƙaru, wanne zai ce ya ƙara shi? Wannan shi ya fi ba su wuya, don yaro mai gaggawa ne. Abin da ya fi ba malami wuya kuwa shi ne ya kama bakinsa ya kuma kama hannunsa, yana ganin kuskure a fili, ya bar mai shi ya gano. A lura kuma kada samari su ƙwace ɗauri da saki su bar wa 'yan mata riƙon kofi. Ni sai da na sa aka riƙa karɓa-karɓa.

Ɓawon kara yana yanka yatsa, saboda haka manya su yi tsagar. A ƙirga ƙwallaye kafin a fara, a sake ƙirgawa in an gama, don ƙananan yara sukan sa su a baki ko a hanci. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an yanke dawa, sa'ad da kara ya bushe, ba ruwan sama mai narkar da laka. In an tashi, a kwance hanyoyin a ɗaure karan a rataye shi a bisa, don mu da muka bar namu a ƙasa daga Juma'a zuwa Litinin, mun tarar gara ta riga mu.